Filin Harshe da Tarbiyya: Ba Kowane Ƙari Ne Ƙaruwa Ba

 

Abin da ya jawo maganarmu ta yau ya faru ne a wani gida da muka kai ziyara. Akwai wata dattijuwa a gidan wadda ƙanenta ya daɗe yana sayar da yadi a Suk al-Arabi, babbar kasuwar nan da ke tsakiyar birnin Khartum, gidansa kuwa yana ƙetaren kogi a Omdurman. Tun da yaƙi ya ɓarke a ƙasar Sudan ran 15 ga Afrilu 2023, wannan baiwar Allah ba ta da abin yi sai jiran labari. Muna zaune jikarta, 'yar makarantar sakandare, ta ɗauko waya tana karanta mata wani rahoto da Ingilishi. Da ta zo kan kalmar "escalated" sai ta ɗan yi jim, sa'an nan ta ce, "Kaka, sun ce an samu ƙaruwa." Tsohuwa ta ɗaga hannu sama tana godiya ga Allah, alhali kuwa abin da rahoton ke cewa shi ne faɗa ya ƙazanta.

Yarinyar ba ƙarya ta shirya ba. An koya mata cewa kalmar tana nufin ƙari, amma ba a koya mata wane irin ƙari ba. Saboda ita da ire-irenta muka ga ya dace mu tsaya a kan waɗannan kalmomi.

Ingilishi yana da kalmomi da yawa na ƙara girman abu ko ƙarfinsa, akasarinsu kuwa daga Latin suka fito, wasu ta hanyar Faransanci, don haka ba za su yi wa masu karatunmu baƙunci ba. Kowace tana ɗauke da hoto a cikinta. "Enhance" tushenta tsawo ne, wato ɗaukaka, kuma ga abin kirki ake faɗinta, kamar inganta karatu ko ƙawata ɗaki. "Aggravate", 'yar'uwar "aggraver" ta Faransanci, tushenta nauyi ne, kamar a ƙara wa jaki kaya alhali ya riga ya durƙusa. "Exacerbate" tushenta ɗaci ne, ba a faɗinta sai ga ciwo ko fitina. "Amplify" faɗi ce, kamar yadda lasifikar masallaci ke kai kiran salla nesa ba tare da ta sauya shi ba. "Magnify" girmama abu ne a ido, irin aikin gilashin mai gyaran agogo. "Intensify" tsananta ce, kamar igiyar da aka ja ta ɗame. Ita kuwa "escalate" da ta ruɗa yarinyarmu, yarinya ce cikin kalmomi: an ciro ta daga sunan matakalar nan mai tafiya da kanta, wadda aka nuna a bajekolin birnin Paris na 1900, daga baya a zamanin yaƙin cacar baka ta zama kalmar rikici. Hotonta abin tsoro ne, domin wanda ya taka wannan matakala, ko ya tsaya cik, sama za ta yi da shi.

Kada wani ya zaci Hausa ta gaza a nan. Arziki yana bunƙasa, kasuwa tana haɓaka, karatu yana inganta. Amma ciwo tsananta yake yi, rikici ya ƙazanta, al'amari ya ta'azzara, wuta ta ruru, farashi ya yi ta hauhawa. Ba wanda zai ce yunwa ta bunƙasa sai baƙon harshe. Ita kuwa ƙaruwa, kowa ya san kalma ce ta alheri, da ita muke yi wa maijego barka. Aikin mai fassara ke nan: ya tambayi kansa ko wannan ƙari na murna ne ko na jaje, tun kafin ya buɗe baki.

Wanda ke son ya ga waɗannan kalmomi da idonsa, ya dubi tarihin Suk al-Arabi. Wannan kasuwa da ke kewaye da Babban Masallacin Khartum ta daɗe tana tara maƙeran zinariya, masu yadi, masu littattafai da masu canjin kuɗi, ga mata masu sayar da shayi a bakin titi, inda mai son zaƙi kan ce a sa masa sukari "ziyada", wato ƙari. Hausawa ba baƙi ba ne a wurin. Kakanninsu sun bi hanyar Hajji da ƙafa suka zauna, wasu kuma sun yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 tare da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wanda garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu yake ɗauke da sunansa.

Daga 2011, shekarar da Sudan ta Kudu ta ɓalle da kimanin kashi uku cikin huɗu na man fetur, wata irin ziyada ta shigo kasuwar. A watan Disamba 2018 kuɗin burodi ya ninka sau uku a garin Atbara, daga fam 1 zuwa fam 3, zanga-zangar da ta biyo baya kuwa ita ce ta kai ga faɗuwar Umar al-Bashir ran 11 ga Afrilu 2019. A watan Fabrairu 2021 gwamnati ta karya darajar kuɗinta, dala ɗaya ta tashi daga fam 55 zuwa 375 a farashin hukuma, kuma a tsakiyar shekarar hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin ɗari. Bature yana kiran wannan "inflation", tushen kalmar kuwa hura iska ne. Takardun kuɗi sun cika aljihu, kwanon abinci ya ragu. Hausawa sun riga sun faɗa, kumburi ba ƙiba ba ne. Sa'an nan yaƙi tsakanin sojan ƙasa da dakarun RSF ya zo ya mai da tsakiyar birnin filin daga, aka wawashe shaguna, mutane fiye da miliyan 10 suka bar gidajensu a faɗin ƙasar. Da soja suka karɓe tsakiyar Khartum a watan Maris 2025, kango masu dawowa suka tarar.

Akwai wani darasi kuma da nahawunmu ke koyarwa. Bahaushe ya bambanta "ƙaru" da "ƙara". In an ce farashi ya ƙaru, kamar ruwan kogi ne da damina, ba laifin kowa. In an ce an ƙara farashi, to, akwai hannu, akwai mai hannun. Rahotannin duniya sun fi son siga ta farko: faɗa ya tsananta, yunwa ta ƙaru. Amma wuta ba ta ruruwa sai da mai iza ta. Akwai mai sayar da makami, akwai mai tare hanyar abinci, akwai ɗan kasuwar da ya ɓoye hatsi yana jiran tsada. Mu koya wa 'ya'yanmu, duk inda suka ga kalmar ƙari, su tambaya: wa ya ƙara?

Addininmu ya riga kowa rarrabe wannan. Asalin ma'anar riba a Larabci ƙari ne, ga shi an haramta ta. Zakka kuwa a ido ragi ce daga dukiya, amma ma'anar sunanta tsarki ne da yaɗo. Malaman fiƙihu sun kuma yi bayanin haramcin najashi, wato mutum ya yi ta ƙara tayi a kan hajar da ba shi da niyyar saye, don kawai ya ruɗi mai saye na gaskiya.

To, akwai najashin labari, kuma a nan ne maganar ta dawo gidajenmu. Saƙon murya yakan fito daga Omdurman cewa an ƙone shago ɗaya, kafin ya iso Maraɗi ko Kano ya zama layi guda, kafin ya kai Faransa ya zama kasuwa duka. Kowa ya ƙara gishiri kaɗan don a saurare shi. Wannan shi ne zuzutawa da kambamawa, Bature ya ce "exaggerate", asalinta kuwa tsiba abu kan abu. Ba mu manta da rikicin jihar Shuɗin Nilu na watan Yuli 2022 ba, wanda ya ci rayukan 'yan'uwanmu Hausawa da maƙwabtansu. A irin wannan lokaci kalma ɗaya da aka ƙara tana iya hana uwa barci, tana kuma iya sa matashi ya ɗauki makami. Suratul Hujurat ta umurce mu da bincika labari kafin mu yi aiki da shi. Haka kuma rage wa masifa nauyi don a kwantar wa mutum da hankali ba gaskiya ba ne, yana ma iya hana shi tashi ya aika da taimako a kan kari.

Shawararmu ga iyaye ita ce, in yaro ya fassara muku labari, ku sa shi ya maimaita kalmar, ku nemi takwararta ta Hausa tare, ku auna ta kamar yadda maƙerin zinariya ke auna hajarsa, ba ƙari ba ragi. Ita dai waccan dattijuwa, da muka warware mata maganar, ba ta yi wa jikarta faɗa ba. Cewa ta yi, "Gobe ki gaya mini yadda yake, 'yar nan, don in san addu'ar da zan yi."

Allah Ya kawo wa mutanen Sudan sauƙi, Ya mai da kowa gidansa lafiya, Ya tsare harsunanmu daga ƙari da ragi. Sai mun sadu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.