Na'urar Ta Iya Karatu, Amma Wa Zai Kai Mata Baba?

’Yan'uwa ɗalibai, kwanan nan ba mu da hira sai ta kwamfutar da ke duba hoton ƙwaƙwalwa ta gano cutar Parkinson. Har wasu na cewa lokotoro ya kusa zama ɗan kallo. Haba! Mu taka a hankali.

Ba na musun aikin. A wannan cuta, ƙwayoyin da ke samar da sinadarin dopamin ne ke mutuwa. Hoton DaTscan yana nuna raguwar, kwamfuta kuma tana auna ta ba gajiya. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta masu cutar sun haura miliyan 8.5 a 2019, saboda haka buƙata akwai ta. Amma sinadarin da ake yi wa allurarsa kafin hoton, rabin ƙarfinsa yana bajewa cikin awa 13. Wa zai kawo shi Tasawa? Hoton IRM na yau da kullum kuwa, a farkon ciwon sau da yawa ba ya nuna kome.

Ku ɗauki dattijo a Maijirgi wanda hannunsa ke rawa. Gida za a ce tsufa ne, maƙwabta su ce sammu ko iska. In an yi sa'a ya isa likita, zai ce “jikina na ɓari”. To, ɓari wane iri? Na hannun da ke ajiye bisa cinya, ko na hannun da ya miƙa zai ɗauki moɗa? Na farko ya fi nuna Parkinson, na biyu sau da yawa wani ciwo ne daban. Makyarkyata, karkarwa, ɓari, nauyin jiki: da su marar lafiya ke magana, takarda kuma da Faransanci ake cika ta. A tsakanin nan ciwon ke ɓacewa. Tun da James Parkinson ya bayyana shi a 1817 har gobe, da ido da kunne ake fara gane shi.

Sannan da hoton wa na'urar ta yi karatu? Babban rumbun PPMI, wanda gidauniyar Michael J. Fox ta buɗe a 2010, galibin mutanensa Turawa ne. A 2023, bincike kan ’yan Nijeriya da baƙaƙen Amurka ya gano wani sauyi a ƙwayar gado ta GBA1 da kusan ba a ganinsa ga Turawa. Wanda bai san ka ba, yaya zai shaide ka?

Aikinmu ke nan, mu masu nazarin harshe. Mu shiga ƙauyukan Tasawa da Mayahi, mu tattara kalmomin rawar jiki daga bakin tsofaffi, mu zauna da ɗaliban likitanci na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, mu tsara tambayoyin gwaji da Hausa. Mu kuma matsa a samu lebodofa a ɗakunan magani, don gano ciwo ba magani wahala ce kawai. In na'urar ta iso, marhabin. Ta tarar mun share mata hanya.