Dakoro: kuɗin poroje sun ja baya, me ya kamata shugabanninsu su iya yanzu?

A ranar 20 ga watan Janairun 2025 ne shugaban Amurka Donald Trump ya sa hannu kan umarnin dakatar da taimakon da ƙasarsa ke bai wa ƙasashen waje, kuma a farkon watan Yuli aka rufe hukumar USAID. Lamarin ya tarar da giɓin da ya buɗe tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da Tarayyar Turai da wasu ƙasashe suka dakatar da tallafinsu ga kasafin kuɗin Nijar. Su ma hukumomin Yamai sun tsaurara: a watan Nuwamban 2024 sun janye izinin aiki na ƙungiyar ACTED ta Faransa da APBE ta gida, sannan a Fabrairun 2025 suka umarci CICR da ta rufe ofisoshinta.

A gari irin Dakoro, wannan ba labarin nesa ba ne. Poroje na nufin albashi, hayar gida, aikin direba, magani a asibiti da allurar dabbobi. Wanda abin ya fi matsa wa shi ne shugaban poroje, mutumin da ke tsakanin mai ba da kuɗi da mai gari. A da, idan ya kashe kuɗin a kan lokaci kuma ya aika rahoto mai kyau, an gama da shi, kwantiragi na gaba na nan tafe. Yau babu wannan tabbaci, kuma tambayar da za a yi masa ta sake: idan kuɗin suka tsaya gobe, me zai ci gaba da aiki?

Dakoro na da amsa a tarihinta. A shekarar 2003 ƙungiyar likitocin dabbobi ta VSF Beljiyam da ƙungiyar Karkara suka fara poroje PROXEL a yankin. Maimakon su riƙa raba magani kyauta, sai suka taimaka wa likitan dabbobi mai zaman kansa ya kafa asibitinsa, suka horar da mataimaka a ƙauyuka da rugage, makiyayi kuma ya biya kuɗin magani da na aikin. Ba kowa ya so tsarin ba, don kyauta ta fi daɗin karɓa. Amma daga baya gwamnati ta ɗauki tsarin, wanda aka sani da SVPP, ta yaɗa shi zuwa wasu sassan ƙasa. Dalilin ɗorewarsa a fili yake: tun ranar farko an san wanda zai riƙe aikin da kuma inda abincinsa zai fito. Haka ma Mata Masu Dubara, da ƙungiyar CARE ta soma a jahar Maradi a 1991. Kuɗin da ke cikin akwatin na matan ne, su ke zubawa kowane mako, su ke ba juna rance, don haka tafiyar jami'i ba ta rufe akwatin.

Shugaban poroje da ke son ya daɗe a wannan sana'a zai fara da wannan lissafi kafin ya sayi buhun siminti ɗaya. Idan famfon ruwa ne, wa zai gyara shi, ina ake samun kayan gyaran, a Dakoro ko sai an je Maradi, kuma jika nawa za a tara a wata? Kwamitin da aka kafa a makon ƙarshe, don kawai a cike shafin rahoto, ba ya kai damina biyu.

Sai batun ƙasa, inda ƙwararru da yawa ke tuntuɓe. Dokar 26 ga Mayun 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, kuma wannan iyaka ta ratsa yankin Dakoro ta wajen kwarin Tarka. Gonaki sun daɗe da tsallake ta. Kudu manoma ne suka fi yawa, arewa wajen Bermo da Gadabeji ƙasar kiwo ce, kuma garkunan da ke hawa da sauka kowace shekara dole su bi ta tsakiya. A irin wannan wuri rijiya ba rami ba ce kawai. Wanda ya haƙa ta a inda bai dace ba ya canza wanda ke da iko da makiyayar da ke kewaye, ko ya sani ko bai sani ba. Shi ya sa sanin dokar Code rural ta 2 ga Maris 1993, da dokar kiwo ta 20 ga Mayun 2010, da aikin kwamitocin Cofo na ƙauye da na kwamin da na gunduma, ya fi wa shugaban poroje amfani a kan yawancin tarukan horo da ake yi a otel. Shirin PASEL na ƙasar Suwizalan ya nuna hanya wajen shata burtali: sai an zauna da sarakuna, masu gari, arɗaɗe da masu gonaki an cimma yarjejeniya, kafin a kafa turakun siminti. Zaman na cin watanni, kuma mai ba da kuɗi ba ya son jira. Aikin shugaban ne ya sa waɗannan watanni cikin jadawali tun farko, ya kuma kare su.

Jadawalin ma kansa abin dubawa ne. Shekarar lissafin ofis na farawa a Janairu, amma ta Dakoro na bin sama ne. Irin gero da ya iso a Agusta ya zama hatsin tuwo. Dusar da aka kawo bayan ruwa ya sauka ba ta ceci saniyar da ta faɗi a bazara ba, kuma waɗanda suka ga asarar dabbobi ta 2010 ba sa buƙatar a yi musu bayani. Dabarar ita ce a ƙirga da baya: daga ranar da ake son kaya su kasance a ƙauye, a cire kwanakin sufuri, na neman ɗan kwangila da na sa hannun manya.

Takardar shaida fa? Tana da amfani, musamman ga mai neman aiki a wajen ƙasa. Akwai PMP ta Amurka mai tsada, akwai kuma Project DPro da aka tsara don ayyukan raya ƙasa, wadda littafinta ke samuwa kyauta a intanet da Faransanci. Matashin da ya fito daga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maradi zai iya farawa da ita. Sai dai babu ɗaya daga cikinsu da ke koyar da yadda ake bayyana kasafin poroje a gindin bishiya. Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, amma takardun poroje har yanzu da Faransanci suke. Shugaban da ya kasa faɗa wa jama'a da Hausa nawa aka ware, nawa aka kashe, da ranar da za a rufe, da wuya a ce shi ma ya fahimci takardar. A arewacin gundumar kuma Hausar kaɗai ba ta isa ba, sai da Fulatanci ko Buzanci, ko tafinta wanda ba ya da hannu a rikicin wurin.

Akwai wani sauyin da ya shafi miƙa aiki kai tsaye. A watan Afrilun 2024 aka rusa majalisun kwamin-kwamin da aka zaɓa, aka naɗa kantomomi. Duk porojen da ya dogara da alkawarin baki na wani magajin gari ya wayi gari da sabuwar fuska a kujerar. Inda aka rubuta yarjejeniya da sunan kwamin, aka ajiye kwafi a wurin jami'an kiwo, noma ko ruwa na gunduma, sabon shugaba ya tarar da abin da zai karanta. Inda ba a yi ba, sai a koma a fara gaisuwa daga farko, da kuɗin man da ba ya cikin kasafi.