Wai Laifin Me Mai Kyamara Ya Yi?

A Ingila akwai wasu bayin Allah da ba su da abin sha'awa kamar jirgin ƙasa. Mutum zai yi sammako da kyamara da ɗan littafi, ya tsaya a tasha cikin sanyi yana jiran wani kan jirgi ya wuce, ya ɗauke shi hoto, ya rubuta lambarsa. Jama'a na yi musu dariya. Mu marubuta bai kamace mu mu taya ba, domin sana'armu ɗaya da su: tsayawa a ƙura wa abin da kowa ke wucewa ido, a adana shi. Jirgi ya iso Kano a 1911, amma in muna son nuna wa ɗalibanmu yadda tashar take a da, sai mun nemo hotunan da Turawa suka ɗauka.

To, waɗannan mutane ne 'yan sanda suka sa a gaba. Sashe na 44 na dokar ta'addanci ta 2000 ya ba su ikon tare mutum su caje shi a wuraren da aka ware, ko da babu dalilin zarginsa. Bayan harin bama-baman Landan na 2005 sai abin ya ƙazanta. A tare dattijo mai furfura, a zazzage jakarsa, wani lokaci har a ce ya goge hotunansa, alhali doka ba ta ba ɗan sanda wannan iko ba. Haba jama'a! Wane ɗan ta'adda ne zai wuni a fili da kyamara rataye a wuya? Sai a Janairun 2010 Kotun Turai ta kare haƙƙin ɗan Adam ta ce sashen ya keta haƙƙi, aka soke shi a 2012.

Na Amurka ya fi ban dariya, in abin dariya ne. A Disamban 2008 'yan sandan kamfanin Amtrak suka kama wani a tashar Penn ta New York yana ɗaukar hoto, shi kuwa gasar hoto yake son shiga wadda kamfanin da kansa ya shirya.

Amma fa ba za mu ga baƙin 'yan sanda mu rufe ido ga ɓarnar 'yan uwa ba. A Fabrairun 2016, da tsohon jirgin nan mai tururi, Flying Scotsman, ya fito daga gyara ya nufi York, sai masu hoto suka tsallake shinge suka hau layi kusa da St Neots, dole aka tsai da jirage. A Yulin 2018, a Colorado, jirgi mai tururi ya banke wata mata har lahira tana ɗaukar hotonsa a bakin layi. Jirgi ba mota ba ne da za ta kauce. Mai gudun kilomita 200 a awa yakan ci kusan kilomita biyu kafin ya tsaya, gilashin kyamara kuma ba ya gaya maka gaskiyar tazara. Wa ke tuna direban da ke kallon mutum a gabansa, ya ja birki, ba yadda zai yi?

Irin waɗannan su ke miƙa wa ɗan sanda sandar da zai doki na kirki. Wanda ya haura shinge a kama shi, a ci shi tarar da ta kai fam 1,000 yadda dokar Ingila ta tanada, ba za mu ce uffan ba. Wanda ya tsaya inda fasinja ke tsayawa kuwa, a tambaye shi cikin mutunci in ana so, sannan a ƙyale shi da jirginsa.