Tiyatar Haihuwa Kyauta: Ina Likitan Yake, Wa Zai Kai Ta?

A watan Nuwamba 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar cewa gwamnatin tarayya za ta ɗauki nauyin tiyatar haihuwa ga mata marasa ƙarfi a zaɓaɓɓun asibitoci. Mun gode wa Allah. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shekarar 2023 ta nuna cewa cikin kowane mata huɗu da suka mutu ta dalilin ciki ko haihuwa a duniya, fiye da ɗaya 'yar Najeriya ce.

Amma 'yan'uwa, tiyata sai da likita. Ƙwararrun likitocin mata yawancinsu suna birnin Kano, a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala Muhammad. Matar da ke ƙauyen Tsanyawa, Kunchi ko Makoda, abin da ke kusa da ita shi ne ƙaramin asibiti, sai babban asibitin Bichi ko Dambatta. Daga can ake tura mai tsanani birni. Saboda haka hanyar zuwa wurin ƙwararre tana farawa ne daga awo. Hukumar ta ba da shawarar zuwa awo sau 8, domin a nan ake gano hawan jini, ƙarancin jini, ko jaririn da ya kwanta a gicciye.

Jinkirin da ya fi cin rai kuwa daga gidajenmu yake. Mai cikin fari tana ɓoye naƙuda don kunya. Maigida yana gona ko ya tafi cin rani, ba mai ba da izini. Dare ya yi, babu mota. Doguwar naƙuda ita ke jawo yoyon fitsari, zubar jini da jijjiga kuma ba sa jiran safiya.

Rahila ta mutu wurin haihuwar Biliyaminu a kan hanya (Farawa 35:16-19). Allah kuma ya sa wa ungozomomi Shifra da Fuwa albarka domin sun ceci rayuka (Fitowa 1:15-21). Zuwa asibiti ba rashin bangaskiya ba ne.

Me ikkilisiya za ta yi? Zumuntar Mata ta san masu ciki, ta raka su awo. Dattawa su ware wani abu daga baiko don kuɗin mota, su ajiye lambar direba. Maza su ba da izini tun kafin wata tara, matasa su yarda su ba da jini. Maƙwabtanmu Musulmi ma su amfana.

Mu yi addu'a, mu kuma yi shiri. Ubangiji ya sauki matanmu lafiya. Amin.