Hatsi na rumbu, ɗiya na ramewa

A wannan fitowa zan taɓo wani ciwo da ba mu saba jin sunansa ba. Wadda ta iya karatu ta daure ta karanta wa sauran a wajen taro.

Mu nan in aka ce yaro ya rame, abin da ke zo mana a rai shi ne tamowa: damana ba ta yi kyau ba, rumbu ya yi ƙasa. To akwai wata ramar da ke kama budurwa a gidan da ake ɗora tukunya safe da dare. A zuba mata tuwo ta ce ta ƙoshi. A dama mata fura ta kurɓa sau biyu ta miƙa wa ƙanenta. Uwa ta ce shagwaɓa ce, kaka ta ce iska ce, maƙwabciya ta ce soyayya ce ke cin ta. Ana cikin wannan gardama, wata shida sun wuce, zane ya daina zama a ƙugunta.

Likitoci na kiran wannan ciwo anoreksiya. Wani likitan Ingila, William Gull, shi ya raɗa masa sunan tun 1873. Mai ciwon tana jin yunwa kamar kowa, sai dai tsoron ƙiba ya fi ƙarfin yunwar. Ta tsaya gaban madubi, ƙasusuwan wuya a waje, amma idonta na nuna mata ƙatuwa. Kada ku ɗauka ƙarya take yi in ta ce ta yi ƙiba, haka take gani da gaske. In abin ya yi nisa, al'adarta ta wata na iya tsayawa, gashin kai na zuba, jiri na ɗibarta, tana jin sanyi ko a watan zafi, bugun zuciya na raguwa, ƙashi na yin rauni. Cikin cututtukan da suka shafi tunani, wannan na sahun gaba wajen kisa: wasu zuciya ce ke tsayawa, wasu kuma baƙin ciki ke kai su ga hallaka kansu.

Na biyun sunansa bulimiya, shi kuma sai 1979 wani likita mai suna Gerald Russell ya bayyana shi. Ya fi wuyar ganewa, don sau da yawa jikin yarinyar daidai yake. A ɓoye take cin abinci mai yawa cikin ɗan lokaci, ta kasa tsayawa, sannan kunya da nadama su rufe ta, sai ta sa yatsa a maƙogwaro ta amayar, ko ta sha filasko ko wani maganin wankin ciki. Ga alamun da uwa za ta lura da su: tana gama ci sai ta nufi bayan gida, haƙora na lalacewa saboda tsamin amai, kumatu na kumbura ta wajen kunne, wani lokaci har kanta ke fitowa a bayan yatsun hannu. Yawan amai da zawo na fitar da wani gishirin jiki da ake kira potasiyom, wanda zuciya ke buƙata don ta buga daidai. Shi ya sa yarinyar da ake gani garau za ta iya faɗuwa farat ɗaya. Gimbiya Diana ta Ingila, duk da daular da take ciki, ta faɗa da bakinta a hirar da ta yi da BBC a 1995 cewa ta yi shekaru tana fama da shi.

Na san wata za ta ce: ai wannan ciwon Nasara ne, mu nan mace mai jiki ake yabo. To ku saurari abin da ya faru a Fiji, wasu tsibirai can tsakiyar teku, nesa da mu. Mutanen can ma kamar mu suke, mace mai cika ita ce kyakkyawa, baƙo kuma sai ya ci ya ƙoshi. A 1995 telebijin ya shiga wani yanki na ƙasar, da finafinan Amurka cike da mata sirara. Wata likita daga jami'ar Harvard, Anne Becker, ta tambayi ƴan matan makaranta a lokacin: babu ko ɗaya da ta ce tana janyo amai don ta rage jiki. Da aka sake tambaya a 1998, wajen 11 cikin 100 sun ce suna yi. Shekara uku kacal. Su telebijin ɗaya ne a tsakar gida. Mu yau salula ce a hannun ɗiya har cikin gidan sauro, tana kallon TikTok da Facebook, inda ake gyara hoto a matse ƙugu a goge fuska. A Faransa abin ya kai har an yi doka: tun 2017, hoton talla da aka rage ko aka ƙara wa jikin mai tallar, dole a rubuta cewa an gyara shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 14 ne ke da irin waɗannan cututtuka, kusan miliyan 3 daga cikinsu yara ne da matasa. Ƴan mata sun fi yawa, amma samari ma na kamuwa.

Ɗiyarmu ta yau tsakanin wuta biyu take. Salula na ce mata ta rame, gida na ce mata ta yi jiki kafin aure. Ƴan uwanmu Zabarmawa na da al'adar hangandi, Larabawan Azawak kuma, arewa da Tawa, an san su da ɗura wa yarinya madara da kunu tun tana ƙarama don ta cika. Yanzu kuma ga ƙwayoyin ƙiba a tiren mai talla, waɗanda ake wa laƙabi da "sha ka fashe". Da yawansu deksametazon ne, magani mai ƙarfi da likita kaɗai ya kamata ya rubuta. Yana kumbura fuska da ciki, yana tada ciwon suga da hawan jini, yana cin ƙashi. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, wannan ma haɗari ne, ta je gidan likita a rage mata sannu sannu. Da mai ƙin ci da mai shan ƙwaya, abu ɗaya aka koya masu: wai jikin da Allah ya ba su bai isa ba.

Ciwon ba shi da dalili guda. Akwai gado, akwai halin yarinya mai yawan damuwa ko mai son komai nata ya fita ba aibu, akwai tashin hankali kamar mutuwa ko rabuwar iyaye ko auren da ba ta so. Don haka uwa kada ta zauna tana zargin kanta. Amma bakinmu yana hannunmu. "Ke tulu", "ke sanda", "wa zai aure ki a haka": mu muna faɗa muna dariya, ita tana kwana da maganar.

To me za a yi in an ga alamu?

Na farko, a kai ta gidan likita. Rama na da dalilai da yawa: tarin fuka, ciwon suga, tsutsar ciki, ƙanjamau, har da laulayin ciki. Sai an auna an kawar da waɗannan. A gaya wa ma'aikacin lafiya duk abin da aka gani, har aman da ɓoyon abinci, kada kunya ta sa a rage. In abin ya fi ƙarfin CSI, a nemi takardar turawa gaba. Babban asibitin ƙasa na Yamai na da sashen masu lalurar tunani, kuma zuwa can ba ya nufin ɗiyarki ta haukace. In ta suma, ko ƙirjinta na bugawa ba daidai ba, ko ta daina shan ko ruwa, ko ta ambaci mutuwa, ranar za a tafi. Addu'a muna yi, amma a haɗa da magani.

Na biyu, ban da duka, ban da ɗure. Duka na ƙara mata dabarar ɓoyo ne kawai. Kuma ku tuna yadda ake yi wa yaro mai tamowa mai tsanani a CRENI: da madara marar nauyi ake farawa, kaɗan kaɗan, don jikin da ya daɗe da yunwa in aka cika shi lokaci guda zuciya na iya gazawa. Haka ita ma budurwar da ta rame ƙwarai, likita ne zai tsara yadda za a ƙara mata abinci.

Na uku, a zauna a ci tare. A asibitin Maudsley na Landan aka fito da hanyar magani da ta ɗora iyaye a gaba: su ke tsara abincin, su zauna da yarinya cikin haƙuri har ta gama, ba zagi ba gori. Mu da muka saba da kwano ɗaya, wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Sai dai kwano ɗaya na da ɓoyo, hannu na iya kai da kawowa ba a ci komai ba. A zuba mata nata a gefenki, sau uku a rana da ɗan abin taɓawa a tsakani, kuma bayan an gama a riƙe ta da hira kamar awa guda. A lura da wadda kullum ke cewa tana azumin nafila alhali jikinta na ƙarewa.

Wajen magana kuma, ki same ta ku biyu, ba a gaban kishiya ko ƙanne ba. Kada ki fara da zancen jikinta. Ki ce: "Ɗiyata, na ga kwanan nan ba ki da walwala, abinci ma yana ba ki wuya. Me ke damun ki?" Za ta iya musantawa, ta yi fushi ma. Ki bari, gobe ki sake. In ta fi sakin jiki da inna ko gwaggo, a sa su.

Ana warkewa, musamman in an tara da wuri, sai dai abin na ɗaukar watanni, wani lokaci shekaru, yana tafiya yana dawowa. Uwar da ke wannan jinya na buƙatar mai kama mata aiki da kuɗin mota, ba mai kai labarinta bakin rijiya ba. Ciwon ƴa mace na ƴa mace ne. A daren yau, kowace ta dubi kwanon ɗiyarta kafin a kai wanki.

Allah ya raya mana zuri'a cikin lafiya. Sai fitowa ta gaba.