Hirar Akawu: Neman Masauki Mai Araha a Birnin Abijan

Zuwa ga Edita,

Wani malamin makaranta ya rubuto mini, ya ce in hutu ya zo zai raka ƙanen mahaifinsa zuwa Abijan ta ƙasar Kodebuwa sayen goro, ga shi ba su da mai masauki a can, guzurinsu kuwa ƙidayayye ne. Yana tambaya yadda mutum zai zaɓi otel wanda ba zai cinye masa jari ba. To, Malam, ga abin da na sani, kuma sai da na sha wuya kafin na san shi. Na ga ya kamata in amsa a wannan fili, gama ba kai kaɗai ne ka ke da wannan bukata ba.

A cikin shekarar 2022 maigidan da na ke yi wa aikin akawu ya aike ni Abijan domin in daidaita takardun waɗansu kaya da su ka maƙale a tashar jiragen ruwa. Ya ƙirga mini kuɗin kwana biyar, ya ce abin da ya ragu nawa ne. Da jin haka sai kwaɗayi ya kama ni. Na buɗe wayata, na jera otel-otel na birnin bisa ga kuɗinsu, na zaɓi na can ƙasa duka, ina murna na yi wayo. Ban tsaya na dubi taswira ba, ban kuwa tambayi kowa ba, ina ganin ai mai ilmi ba ya ɓata.

Abin da ban sani ba shi ne, Abijan gari ne wanda ruwa ya rarraba. Wani babban tafki mai suna Ebiriye ya ratsa shi, unguwannin kuwa suna zaune a gaɓoɓinsa. Filato, inda bankuna da manyan ofisoshi su ke, tana tsakiya. Kudu da ita, a ƙetaren ruwa, akwai Tireshibil mai babbar kasuwa da tashar jiragen ruwa, da Markori, can gaba kuma filin jiragen sama. Arewa akwai Ajame, mahaɗar motoci, da Abobo. Gabas akwai Kokodi, unguwar masu hali, yamma kuwa Yofugon. Mutanen birnin sun haura miliyan 5 bisa ga ƙidayar 2021, kuma ko da ya ke tun 1983 aka mai da Yamusukuro babban birnin ƙasar, yawancin ciniki da aikin ofis suna nan Abijan. Dukan wanda zai ƙetare ruwa da mota sai ya bi ta kan gada. Ta farko an buɗe ta a 1957, ta biyu a 1967, ta uku, wadda a ke biyan kuɗi kafin a hau, a 2014. An ƙara waɗansu biyu a 2023 da 2024, sun rage wahala, amma har yanzu da safe da maraice motoci su kan cushe.

Ɗakin da na kama yana can cikin Yofugon, aikina kuwa yana Tireshibil. An sa mini ƙarfe tara na safe. Na fito tun ƙarfe bakwai, ban isa ba sai sha ɗaya saura, na tarar wanda zai sa hannu ya fita, aka ce sai gobe. Kwana ɗaya ke nan ya ƙaru a kan kuɗin ajiyar kayan maigidana. Da dare kuma barci ya gagara, gama bangon ɗakina ya haɗu da wani wurin ci da sha na fili irin wanda su ke kira maki, ana kiɗa har kusan asuba. Ban da wannan, na riƙa jin ana buɗe ƙofofi ana rufewa dare farai, ban gane dalili ba.

Kashegari na gamu da wani dattijo Bahaushe a kasuwar Tireshibil, wanda ya fi shekara talatin a garin. Ya karɓe ni hannu biyu-biyu, har ya ce zai raka ni ya ga inda na sauka. Da mu ka isa, ya dubi allon da ke bakin ƙofa, ya dube ni, ya yi shiru. Can ya ce, "Yaro, kai ka zaɓi nan, ko kuwa kawo ka aka yi?" Na ce, "Baba, ni na zaɓa, saboda araha." Ya nuna mini allon ya ce, "Ka ga kuɗi iri biyu ne a rubuce. Na ƙasa na kwana ne. Na sama kuwa na sa'a ɗaya ko biyu ne, ka san ko su wane ne ke hayar ɗaki na sa'a guda." Jama'a, da ƙasa za ta tsage a ran nan da na shige. Ina da iyali a gida, ga shi ina ɗauke da sunan maigidana, in da wani ya gan ni ina fita daga wurin nan ya kai labari, da wane baki zan kāre kaina? A daren nan na kwashe kayana.

Abin da na koya ke nan, shi ne kuwa jigon maganata: kuɗin masauki ba shi ne abin da aka rubuta a allo kaɗai ba. Sai ka haɗa da kuɗin mota, da lokacin da za ka ɓata a hanya, da barcinka, da mutuncinka, sa'an nan ka san ko ɗaki yana da araha. Mu misalta da lissafi. A ce ɗaki mai nisa sefa 10,000 ne, tasi kuwa 4,000 zuwa, 4,000 dawowa, ka kashe 18,000 ke nan a yini. A ce na kusa da wurin aikinka 15,000 ne, kana takawa da ƙafa. A kwana biyar na farko ya ci 90,000, na biyu 75,000. Wanne ne mai arahar?

Saboda haka abu na farko, ka san inda bukatarka ta ke, sa'an nan ka nemi ɗaki a wannan gefe na ruwa. Ni da aikina ya ke tashar jiragen ruwa, Tireshibil ko Markori ya kamata in sauka. Amma kai Malam, kada ka bi sawuna zuwa can, gama babbar kasuwar goro tana Anyama, wani gari da ke arewa da Abobo. In kun sauka a kudu za ku riƙa ratsa birnin duka kowace safiya. Ku nemi wuri a Anyama kanta ko kusa da ita. Akwai Hausawa fatake a can tun da daɗewa, kuma al'adar sauka wurin fatoma ba ta mutu ba. Ku tambayi inda Sarkin Hausawa ya ke. Sai dai ku sani mai masauki yana da la'adarsa a cikin ciniki, ku yi maganarta a fili tun kafin ku ajiye kaya.

Na biyu, ka riƙe kalmomi kaɗan na Faransanci, ko da ba ka jin harshen. "Nuwite" shi ne kuɗin kwana. "Fasaj" shi ne hayar sa'a, in ka ga an rubuta shi a allo, ka ƙara gaba. "Bantile" ɗaki ne mai fanka, "kilimatize" mai na'urar sanyaya ɗaki, na biyun kuwa ya fi tsada ƙwarai. Abijan gari ne mai gumi, amma wanda ya saba da zafin Sakkwato fanka ta ishe shi, muddin ɗakin yana da taga mai raga. "Resi" shi ne rasit, kada ka ba da ko sisi ba ka karɓe shi ba. In kuwa za ku yi mako guda ko fiye, ku biyu ko uku, ku tambayi "rezidans", watau ɗaki mai kayan zama da wurin girki, gama ya kan fi otel sauƙi in an raba kuɗin.

Na uku, gani ya kori ji. Hoton da ke cikin waya ba ya nuna wari, ba ya kuwa jiyar da kai kiɗan maƙwabta. Ka ce a nuna maka ɗakin kafin ka biya. Ka murɗa famfo ka ga ko ruwa yana zuwa, ka kunna fanka, ka gwada makulli, ka ɗaga zanen gado ka duba kuɗin cizo. Ka leƙa waje ka ga ko akwai maki a kusa. Ka biya kwana ɗaya tukuna, in wurin ya yi maka, da safe ka nemi ragi a kan sauran kwanakin. Ka tambayi lokacin barin ɗaki, yawanci tsakar rana ne, wanda ya wuce kuwa a kan caje shi ƙari. Ka kuma tambaya ko karin kumallo yana cikin kuɗin. In ba ya ciki, kada ka damu, a bakin titi akwai garba, watau dambun rogo da soyayyen kifi, wanda 'yan'uwanmu mutanen Nijar su ka shahara da sayar da shi.

Na huɗu, sha'anin kuɗi da takardu. Sefar Kodebuwa ɗaya ce da ta Nijar da Binin da Togo, amma ta Kamaru da Cadi dabam ce, ba a ciniki da ita a can. An ɗaure sefa da yuro, kusan 656 a kan yuro ɗaya, naira kuwa kullum hawa da sauka ta ke yi, saboda haka ka yi lissafinka da sefa tun daga gida. Ka lura kuma, in Bahaushen Nijar ya ce maka dala ɗari, sefa 500 ya ke nufi, domin dala ɗaya sefa biyar ce. Ɗan Nijeriya ba ya bukatar biza saboda yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta Yamma, amma ka tafi da fasfo da katin rigakafin shawara. A otel za a ba ka takarda ka cika sunanka da lambar fasfonka. Ka cika, ka karɓi abinka, kada ka bar shi a hannun kowa.

Na ƙarshe, ka dubi lokaci. Ruwan sama ya fi ƙarfi a watan Yuni, unguwannin da ke kwari su kan yi ambaliya, sai ka nemi ɗakin bene. A ƙarshen Disamba da lokacin manyan taruka ɗakuna su kan yi wuya, kamar yadda aka gani a farkon 2024 sa'ad da ƙasar ta karɓi gasar ƙwallon ƙafa ta Afirka.

Ni dai na koma gida ba tare da ko dala ɗaya daga rarar da na yi kwaɗayi ba, har na cika da kuɗin aljihuna, na kuma faɗa wa maigidana gaskiyar abin da ya jawo jinkiri. Ya yi mini faɗa, ya kuwa yi daidai. Malam, ka gai da Baba, Allah ya kai ku lafiya, ya sa a yi ciniki mai albarka. In kun dawo ka rubuto mana yadda ku ka sami Anyama, domin na baya su ƙaru. Haza wasalam.

Naku,
Akawu