NA'URA TA FAƊA WA TALAKA GASKIYA

Magidanci yana fataucin goro a Agege ko Sabon Ibadan, ya aiko wa ɗansa kuɗin rajistar makaranta a Gangaren Tudu, cikin garin Keffi. Yaro ya tafi shagon kwamfuta ya biya. Maimakon rasit sai allo ya fito da wata lamba, 500, da Turancin da ko mai shagon bai iya fassarawa. An cire kuɗin ko ba a cire ba? Oho! Sai yaro ya sāke biya, uba kuma ya shiga zargin ɗansa.

Abin haushi shi ne lambobin nan suna da ma'ana. Duk lokacin da aka nemi shafi, sabar, watau babbar kwamfutar da ke riƙe da shi, takan mayar da amsa da lamba. 200 na nufin kome lafiya. 404, ba a sami shafin ba. 503, aiki ya yi mata yawa ko ana gyara. 500 kuwa ita ce ta lalace. A taƙaice, lambar da ta fara da 4 ana tuhumar buƙatar da aka aika, wadda ta fara da 5 laifin masu shafin ne.

To, me ya hana a rubuta haka ƙarara? Masu shafi suna da ikon tsara abin da zai bayyana in an sami tangarɗa. Layi uku sun isa, da Hausa da Turanci: matsalar daga wajenmu take, kada ka sāke biya tukuna, ga lambar shaida da inda za ka kai kuka.

Amsa laifi ba ya rage mutunci. A watan Mayu na 2025 shugaban hukumar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito fili ya ce kuskuren na'ura ya shafi ɗalibai 379,997 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, aka sāke musu jarrabawa. Da an yi shiru, da yaran nan sun ɗauki laifin da ba nasu ba.

Saboda haka makarantu da bankuna su gyara. Ku kuma 'yan'uwa mazauna Kurmi, ku gargaɗi yara: in sun ga 500 ko 503, su ɗauki hoton allon, su duba asusu kafin su ƙara ko kwabo. Allah ya tsare guminku.